Cikin 'yan huɗu ko 'yan biyar: shin rage yawan 'yan tayi mafita ce?

Sista (ɗakin bakwaini):
Assalamu alaikum. Zan kawo wata magana da na san ba ta da daɗin ji, amma tunda a cikinmu akwai likita da malami da lauya, gara mu tattauna ta da ilimi da a bar ta ana raɗa a lungun asibiti. A da idan mace ta haifi 'yan huɗu labari ne da gidan rediyo zai ɗauka, manyan gari su je barka da buhunan shinkafa. Tun da magungunan neman haihuwa da dashen ciki (haɗa ƙwai da maniyyi a waje sannan a dasa tayin a mahaifa) suka yawaita, irin wannan haihuwa ta rage zama abin mamaki a wurinmu. Abin da ba ya fitowa a rediyo shi ne abin da ke biyo bayan barkar: jarirai masu nauyin kilo ɗaya ko ƙasa da haka, biyu a kwalba guda saboda kwalaben ba su isa ba, uwa kuma tana can kwance da hawan jini ba ta ma gan su ba. A wasu ƙasashe likita yakan ba iyaye zaɓin a rage yawan 'yan tayin tun cikin yana ƙarami, a bar biyu, domin waɗanda suka rage su kai lokacin da za su iya rayuwa. Tambayata ita ce, yana da kyau a riƙa gaya wa iyaye a nan cewa akwai wannan hanya, ko kuwa yin shiru ya fi?

Dakta (likitan mata):
Wa alaikumus salam, Sista. Bari in fara shimfiɗa yadda abin yake, domin duk wanda zai yarda ko ya ƙi ya san abin da yake magana a kai. Cikin ɗa ɗaya yakan kai mako 39 ko 40. Tagwaye sukan zo a wajen mako 36, 'yan uku a wajen mako 32, 'yan huɗu kuwa a wajen mako 30 ko ƙasa da haka, kuma wannan matsakaicin lissafi ne, ma'ana da yawa suna zuwa kafin nan. Jaririn da ya zo kafin mako 28 huhunsa bai nuna ba, jijiyoyin ƙwaƙwalwarsa suna saurin fashewa, idonsa da hanjinsa duk suna cikin haɗari, kuma ko ya rayu yana iya tashi da shanyewar gaɓoɓi ko makanta. Ita uwar tana fuskantar hawan jini na masu ciki wanda ke kai wa ga jijjiga, da ƙarancin jini, da ciwon sukari na ciki, da ɓallewar jini bayan haihuwa, domin mahaifar da ta miƙe fiye da kima ba ta saurin tsukewa.

Aikin kansa an fara yin sa ne a shekarun 1980, a Faransa da Amurka, lokacin da magungunan haihuwa suka fara cika asibitoci da irin wannan ciki. Galibi ana yin sa tsakanin mako na 11 da na 14. Likita yana kallon sikanin, ya bi ta fatar ciki da siririyar allura, ya sa sinadarin fotasiyam a ƙirjin tayin, zuciyarsa ta tsaya. Ba a fitar da shi. Jiki ne ke shanye shi a hankali. Ba zan sakaya zance ba: tayi ne mai bugun zuciya ake tsayar da zuciyarsa. Kuma aikin yana da nasa haɗarin, domin ko a hannun ƙwararru, idan an rage uku zuwa biyu, kusan biyar cikin ɗari sukan rasa cikin gaba ɗaya, adadin kuma yana ƙaruwa idan an fara da biyar ko shida.

Maman 'Yan Uku:
Dakta, da girmamawa, jikina ya yi sanyi da na karanta wannan. Ni na haifi uku, an ciro su ta tiyata, mun sha wahala ƙwarai, amma ga su nan suna zuwa makaranta. Idan na kalle su nakan rasa wanda zan ce da shi aka cire. Wanda ya shekara goma yana neman haihuwa, ya sha gorin dangin miji, Allah Ya ba shi huɗu a lokaci ɗaya, sai kuma a ce masa ya mayar da biyu? Wanda Ya halicce su Ya san yadda zai raya su.

Baban Hassan:
Ina bayan Maman 'Yan Uku. Kowa ya ji labarin Halima Sisse ta ƙasar Mali, wadda ta haifi tara a watan Mayun 2021, mata biyar da maza huɗu, kuma dukkansu suka rayu. Da an bi wannan shawara da an hallaka bakwai daga cikinsu. Likitoci suna da lissafinsu, amma lissafi ba ƙaddara ba ne.

Dakta (likitan mata):
Maman 'Yan Uku, Allah Ya raya su. Game da 'yan uku ma likitoci ba su haɗu a kan magana ɗaya ba, domin inda ake da kulawa mai kyau yawancinsu suna rayuwa, kuma ni kaina ba na matsa wa mai 'yan uku. Daga huɗu zuwa sama ne lissafin ke sauyawa sosai.

Baban Hassan, labarin Halima gaskiya ne, sai dai a karanta shi har ƙarshe. Gwamnatin Mali ce ta ɗauke ta a jirgi zuwa Kasabalanka ta Maroko makonni kafin haihuwar, aka ciro yaran a mako na 30, nauyinsu tsakanin rabin kilo da kilo ɗaya, kowannensu da kwalbarsa da masu jinya dare da rana, kuma ba su koma Mali ba sai Disambar 2022, bayan sun haura shekara ɗaya da rabi a can. Wace mace ce a garuruwanmu za a yi wa haka? Kuma akwai labaran da ba a cika maimaitawa ba. A 1996 wata mace a Ingila mai suna Mandy Allwood ta ɗauki cikin takwas, aka ba ta shawarar ragewa ta ƙi, ta rasa su duka a mako na 19. A 1997 an haifi bakwai a jihar Ayowa ta Amurka bayan iyayensu sun ƙi ragewa, duka suka rayu, amma biyu suka tashi da shanyewar gaɓoɓi. Wanda ya tsira shi ake ɗauka a hoto, shi ya sa muke ganin kamar kowa yana tsira.

Malam:
Bismillah. Na ji bayanin Dakta, kuma na gode da bai ɓoye haƙiƙanin aikin ba, domin hukunci a kan abu yana biyo bayan fahimtarsa ne. Wannan aiki a fiƙihu zubar da ciki ne, ko da an yi shi da niyyar ceton wasu, saboda haka a babin zubar da ciki za mu nemi hukuncinsa. Hadisin Abdullahi ɗan Mas'ud da ke cikin Buhari da Muslim ya ambaci kwana arba'in sau uku, sannan a aiko mala'ika ya busa rai, watau kwana 120. Bayan wannan lokaci malamai sun haɗu a kan haramci, sai idan barin cikin zai kashe uwar. Kafin nan ne ake da saɓani. Mazhabarmu ta Malikiyya ita ce mafi tsanani: Shehu Dardiri ya faɗa a sharhinsa na Muhtasar cewa bai halatta a fitar da abin da ya zauna a mahaifa ba ko da kafin kwana arba'in ne, ko da yake Lahmi, wani malamin mazhabar, ya yi rangwame kafin arba'in ɗin. Hanafawa da wasu Shafi'awa sun fi sassauci kafin busa rai idan akwai uzuri. Akwai kuma hadisin Huzaifa ɗan Asid a Sahihu Muslim da ya ambaci dare arba'in da biyu a matsayin lokacin da ake suranta tayi, wanda ya sa wasu malamai suke tsananta lamarin tun daga nan.

Ina da tambaya ga Dakta kafin in ci gaba. Makonnin da kuke ƙirgawa, daga yaushe kuke farawa?

Dakta (likitan mata):
Allah gafarta Malam, muna farawa ne daga ranar farko ta al'adar ƙarshe, wadda ta riga shigar ciki da kimanin mako biyu. Saboda haka mako na 12 a katin awo yana nufin tayin yana da kwana 70 ko kusa da haka. Kwana 120 na malamai yana faɗawa a wajen mako na 19 a lissafinmu, kwana 40 kuma dab da cikar mako na 8. Ke nan lokacin da aka saba yin aikin ya wuce arba'in, bai kai 120 ba.

Akwai wata hanya da ake bi ta farji a zuƙe tayin a mako na 7 ko na 8, amma sikanin ba ya iya ƙirga bugun zuciya da tabbaci sai a wajen mako na 6 ko na 7, don haka tazarar 'yan kwanaki ce kawai. Akwai kuma dalilin da ya sa ake jira: a cikin 'yan uku da 'yan huɗu, kusan rabi ko fiye sukan rasa tayi ɗaya da kansu kafin mako na 12, ba tare da kowa ya taɓa su ba. Wanda ya yi gaggawa yana iya rage abin da da ma zai ragu, ya wayi gari da ƙasa da abin da ya yi niyyar bari.

Malam:
To, wannan ya fayyace wurin da matsalar take. A bisa mashhurin mazhaba babu ƙofa, sai ta larura. Malaman zamani sun duba makamantan wannan. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka, a zamanta na 1990, ta halatta zubar da tayin da ke da mummunar naƙasa wadda ba ta da magani kafin kwana 120, bisa sharaɗin kwamitin amintattun likitoci ya tabbatar, iyaye kuma su nema. A shekarar 2000 an yi wani taron malamai da likitoci a ƙarƙashin cibiyar nazarin al'umma ta Jami'ar Azhar a Alƙahira, inda aka tsaya a kan cewa rage 'yan tayi yana halatta ne kawai idan damar cikin ya kai lokacin rayuwa ta yi ƙaranci ƙwarai, ko rai ko lafiyar uwar na cikin haɗari. Ƙa'idar da suka dogara da ita ita ce aikata mafi sauƙin cutarwa biyu domin kauce wa mafi girma.

Sai dai ƙa'idar larura tana da 'yar'uwa da ake yawan mantawa da ita, wadda ta ce larura ana auna ta ne da gwargwadonta. Idan barin biyu ya isa, ba a sauka zuwa ɗaya. Tsoron kuɗin madara da na makaranta ba larura ba ne, Alƙur'ani ya riga ya rufe wannan ƙofa da hana kashe 'ya'ya don tsoron talauci. Kuma ba na ba da fatawa ta bai ɗaya a nan. Kowace mace da nata halin, sai an zauna da likitanta an ji.

Hajiya Babba:
Malam, ni tambayata ɗaya ce, kuma ita ce ta tsaya mini a rai tun da aka fara. A ce an yarda larura ce. Wa zai zaɓi wanda za a bari? Na san mutanenmu. Ranar da aka ce ana iya zaɓa, wani maigida zai ja likita gefe ya ce a bar masa mazan.

Dakta (likitan mata):
Hajiya, tsoronki yana kan hanya, kuma ƙungiyoyin likitoci sun hana a yi zaɓin don jinsi kawai. Ƙa'idar aiki ita ce a fara duba ko akwai wanda ke nuna alamar matsala, kamar wanda ya fi sauran ƙanƙanta sosai, ko mai kaurin ruwa a bayan wuya, ko mai wata naƙasa da ta bayyana. Idan duka lafiya suke, sai a ɗauki wanda allura ta fi saurin kai wa gare shi, a guje wa wanda ke kwance a bakin mahaifa, domin taɓa shi yana iya jawo fashewar ruwa ko shigar ƙwayoyin cuta.

Akwai wani abu da ya fi wannan sarƙaƙiya, wanda ya sa nake jin tsoron aikin ya faɗa hannun wanda bai ƙware ba. Idan biyu daga cikin 'yan tayin suna tarayya a mabiyiya ɗaya, jijiyoyin jininsu a haɗe suke. Aka yi wa ɗaya allurar, ɗan'uwansa yana iya mutuwa ko ya samu lahani a ƙwaƙwalwa. A irin wannan hali ko dai a rage su biyun tare, ko a toshe cibiyar ɗayan da na'urori na musamman waɗanda asibitoci ƙalilan ne ke da su. Kuma gane ko mabiyiya ɗaya ce ko biyu ya fi sauƙi kafin mako na 14, ga shi mata da yawa a nan ba sa fara awo sai ciki ya fito.

Barista:
Bari in sa baki ta fuskar doka, domin ko malamai sun yi rangwame, likita yana da wata hukumar da zai amsa wa. A jihohin Arewa, sashe na 232 na kundin Penal Code ya tanadi ɗaurin da zai iya kai wa shekara 14 ga wanda ya sa mace ta yi ɓari da gangan, sai idan ya yi ne da kyakkyawar niyya domin ceton ranta. A Kudu, sassa na 228 zuwa 230 na Criminal Code ne ke magana, sashe na 297 kuma ya kare likitan da ya yi aiki don ceton ran uwa. Waɗannan dokoki an rubuta su ne tun kafin a haifi jaririyar farko ta dashen ciki a duniya a 1978, saboda haka ba su san da yanayin da za a tsayar da tayi ɗaya alhali cikin yana ci gaba ba. Togaciyar da ke ciki ta ceton uwa ce. Ba ta ambaci ceton sauran 'yan tayi ba, alhali shi ne babban dalilin aikin a mafi yawan lokuta. Likitan da ya yi don uwa mai ciwon zuciya da cikin 'yan biyar yana da abin kare kansa. Wanda ya yi don 'yan tayi biyu su kai mako 36 yana tsaye ne a wurin da doka ba ta fayyace ba. Wannan ne ya sa, Sista, ko waɗanda suka san da hanyar suke yin shiru.

Anti Nas:
Ni Kirista ce, kuma ina so a san cewa ba Musulmi kaɗai abin ke damu ba. Cocin Katolika ta fitar da matsaya a 2008 inda ta kira rage 'yan tayi zubar da ciki na zaɓe da gangan, ba ta kuma yarda da hujjar ceton sauran ba. Amma akwai abin da ke cikin wannan matsaya da nake ganin kowa zai yarda da shi, wato cin karon da ke cikin lamarin: a yi ta fafutukar samar da rai, sannan a dawo ana rage shi saboda an samar fiye da yadda mahaifa za ta ɗauka. Wa ya sa huɗun a ciki tun farko?

Sista (ɗakin bakwaini):
Anti, kin taɓo inda ke yi mini ƙaiƙayi. Da yawa daga cikin matan da nake gani ba su ma je wurin dashen ciki ba. Wata ƙwayar Clomid, maganin da ke sa ƙwai su nuna, ta saya a kemis bisa shawarar maƙwabciya, ta ninka adadin da kanta. Wata allurar ƙara ƙwai aka yi ta yi mata a wani ƙaramin asibiti, ba wanda ya duba ta da sikanin ya ga ƙwai nawa suka nuna kafin a ce ta koma wurin mijinta.

Dakta (likitan mata):
Wannan ita ce maganar da na fi so mu riƙe. Clomid idan an sha yadda ya kamata yana kawo tagwaye a ƙasa da kashi goma cikin ɗari, 'yan uku kuwa ba su kai kashi ɗaya ba. Allurar ce ta fi haɗari, kuma ƙa'idarta ita ce idan sikanin ya nuna ƙwai sun nuna fiye da biyu ko uku, a soke wannan watan, a gaya wa ma'aurata su ƙaurace wa juna. Soke wata yana da zafi ga wanda ya kashe kuɗi, shi ya sa ake kawar da kai.

A dashen ciki kuwa adadin a hannun likita yake. Wata mata a jihar Kalifoniya ta Amurka da ta haifi takwas a 2009, tayi goma sha biyu likitanta ya dasa mata, aka kuma ƙwace lasisinsa a 2011. Beljiyam ta bi wata hanya tun 2003: gwamnati ta ɗauki nauyin kuɗin aikin ɗakin gwaje-gwaje na dashen har sau shida, bisa sharaɗin a dasa wa mace mai ƙarancin shekaru tayi ɗaya a karon farko. Ingila ta sauko da haihuwar fiye da ɗaya a dashen ciki daga kusan kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ƙasa da ɗaya cikin goma ta hanyar dasa ɗaya a daskarar da sauran. A nan mutum daga aljihunsa yake biyan miliyoyi, wataƙila ya sayar da fili, don haka shi da kansa yake roƙon a sa uku ko huɗu kada kuɗin ya tafi a banza, asibitin kuma yana son a ce ana dacewa a wurinsa. Kuɗin da ya yi tsoron biya sau biyu yakan biya ninkinsa a ɗakin Sista.

Baban Hassan:
Na yarda da maganar rigakafi ɗari bisa ɗari. Amma ban sauya ra'ayi a kan ɗayar ba. Idan huɗun sun riga sun shiga, ni ba zan sa hannu a takardar ba, kuma ba na son likita ya ma furta wa matata wannan zance yana jefa mata waswasi.

Hajiya Babba:
Baban Hassan, kai ba za ka sa hannu ba, amma ba kai za ka kwanta a gadon tiyata ba. Ƙin yarda haƙƙinka ne. Hana ta jin abin da ke jiran jikinta kuwa wani abu ne dabam, kuma ban ga inda aka ba miji wannan ba.

Malam:
Hajiya ta yi gaskiya a wannan gaɓa, Baban Hassan kuma yana da tasa. Ɗan nasu ne su biyun, saboda haka idan maganar ceton sauran 'yan tayi ce, ba a yi sai da yardar miji da mata tare. Idan kuwa ran uwar ne ke cikin haɗari tabbatacce, ƙin mijin ba ya hana a cece ta, domin ranta tabbatacce ne kuma ita ce asali. Ɓoye mata bayani kuma ha'inci ne ga amanar da ke wuyan likita. Ya faɗa mata haɗarin barin cikin da haɗarin rage shi da abin da doka ta ce, ba tare da ya tura ta wani ɓangare ba, ya kuma bar musu lokacin shawara da istihara. Idan suka zo wurina, zan nemi rahoton likitoci biyu amintattu a rubuce, wanda ya faɗi adadin 'yan tayin, da kwanakinsu a lissafin shigar ciki, da halin lafiyar uwar, da kuma irin kulawar da jariran za su iya samu a asibitin da za a haife su. Kuma zan so aƙalla ɗaya daga cikin likitocin biyu ya zama ba shi ne ya yi dashen ba.